Ɗaurin Talala a Bakin Kogin Maroni

A gaɓar yammacin Faransa akwai wani tsibiri da ake kira Re, a cikinsa kuma akwai wata tsohuwar ganuwar soja a garin San Martan. A da, nan ake tara waɗanda alƙali ya yanke wa hukuncin aikin gwale-gwale, su yi makonni ko watanni suna jiran jirgi. Ranar tafiya sai a fito da su a jere, an aske musu kai ƙwal, kowa da buhun kayansa a kafaɗa, sojoji na gefe da bindigogi. A wasu shekarun har da sojojin da Faransa ta ɗebo daga Afirka ta Yamma cikin masu rakiyar. Iyaye da mata kan zo daga nesa su tsaya inda aka yarda su tsaya, ko Allah zai sa su hango nasu cikin jerin. Da yawansu sun san ganin ƙarshe ne.

Daga 1921 jirgin da ke wannan jigila sunansa La Martinière. A cikinsa an gina keji takwas na ƙarfe, ana zuba mutum kusan 670 a tafiya guda. An kuma bi kejin da bututun tururi, ta yadda in rigima ta tashi ba sai gandiroba ya shiga ba, murɗa famfo kawai zai yi tururi mai zafi ya sauka a kan kowa, da mai laifi da marar laifi. Sau da yawa jirgin kan ratsa ta birnin Aljas na Aljeriya ya kwashi fursunonin Arewacin Afirka kafin ya miƙa cikin Tekun Atlantika. Bayan mako biyu zuwa uku sai launin ruwan ya sauya ya koma na laka, jirgin ya shiga bakin kogin Maroni, a Giyana ta Faransa, can arewa maso gabashin Kudancin Amurka. Kurmi dama da hagu, zafi mai ɗanko a jiki, sannan garin San Loran.

Bari mu bi mutum ɗaya cikin masu saukowa. A ce manomi ne daga tsaunukan Aljeriya, rigimar iyakar gona ta kai shi ga zubar da jini, kotun Faransa ta ba shi shekara takwas. Irinsa dubbai ne suka bi wannan hanya. Ba zan laƙaba masa suna ba, domin daga ranar da ya taka San Loran hukuma ma ba ta ƙara kiransa da suna ba, lamba aka buga masa a riga. Yana lissafi a ransa cewa in ya shiga yana ɗan talatin zai fita yana da talatin da takwas, da sauran ƙarfin riƙe garma. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi nasa, za mu dawo kansa.

Me ya sa Faransa ke kwasar masu laifinta zuwa wata nahiya? A 1848 aka haramta bauta a ƙasashen da take mulka, bayi fiye da 12,000 suka sami 'yanci a Giyana, akasarinsu kuwa suka bar gonakin iyayengijinsu ba waiwaye. Aka rasa hannun aiki. A can gida kuma tsofaffin gidajen gwale-gwale na tashoshin jiragen ruwa, wato Brest da Roshfor da Tulon, sun zama kaya a wuyan gwamnati. Sai Luwi Napoleon, wanda ya zama Napoleon na Uku, ya ga hanyar jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: a share Faransa daga masu laifi, a kuma cika Giyana da ma'aikata. Ayarin farko na mutum kusan 300 ya tashi daga Brest a 1852, dokar 30 ga Mayu 1854 kuma ta tabbatar da tsarin. An yi wa abin ado da kyawawan kalamai, wai aiki zai gyara halin ɓarawo, wai za a ba shi gona da mata ya zama mutumin kirki a sabuwar ƙasa.

Zazzaɓin shawara da na cizon sauro ba su jira ba. Mutuwa ta yi yawa har gwamnati ta tsorata, daga 1867 zuwa 1887 ta daina aika Turawa Giyana, ta karkatar da su zuwa tsibirin Sabuwar Kaledoniya inda iska ta fi daɗi. Amma ba a rufe Giyana ba. An ci gaba da aika Larabawa da baƙar fata da sauran 'yan ƙasashen da ake mulka. Wurin da aka yarda yana kashe Bature, shekara ashirin ana tura ɗan Aljeriya cikinsa. Ban ga wata hujja da za ta wanke wannan ba, kuma duk wanda ke son sanin farashin ran talakan mulkin mallaka a idon masu mulkinsa, to ga shi nan a rubuce cikin tsarin aiki.

Mutuminmu dai ya sauka. An ba shi riga da wando masu ratsin ja da fari, da malfa. Fursunoni aji uku ne, sabon zuwa kuwa yawanci a na uku yake farawa, ajin aiki mafi tsanani. Wanda ya iya karatu ko wata sana'a, ko yake da abin ba magatakarda, yana iya samun gurbi a ofis ko asibiti ko gidan burodi cikin gari. Manomin da ba ya jin Faransanci kuwa kurmi za a tura shi saran itace. Can an ƙayyade wa kowa abin da zai sara a yini: tarin itace mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Wanda bai cika ba a rage masa abinci, gobe kuma da raunin yunwar jiya zai fito neman cika na yau. Itatuwan kurmin manya ne masu tauri, mutane ake ɗaura wa igiya su ja gungume cikin taɓo kamar shanun huɗa. Ƙafa ba takalmin kirki, tsutsa ta shiga ta tafin ƙafa ta zauna a hanji tana shan jini, ga atini, ga gyambon da ba ya warkewa. Wanda kuturta ta kama, akwai wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogin, San Luwi, can ake ajiye shi. Wanda aka ce ya gagara kuma sai sansanin Sharben, inda ake aiki tsirara don kada a yi tunanin gudu.

Aikin da aka fi ba da labarinsa shi ne hanyar mota da aka ce za ta haɗa Kayen, babban birnin ƙasar, da San Loran. Lokacin da ɗan jarida Albert Londres ya je a 1923, bayan shekaru da dama ana binne mutane a gefenta, kilomita 24 kacal aka yi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin ba don a gina ƙasa ake yin sa ba. Mutumin da ke rawar zazzaɓi, cikinsa ba komai, wanda kuma ya san ko ya gama ko bai gama ba ba abin da zai ƙaru da shi, ba ya gina hanya.

Da dare a kulle su cikin dogon ɗaki, mutum hamsin ko sittin, gandirobobi su koma gidajensu. Daga nan har asuba ɗakin na masu ƙarfi ne. Ana caca, ana sayar da taba da kofi, ana biyan tsofaffin basussuka da wuƙa, yaro matashi kuma in ba shi da mai tsaya masa ya shiga uku. Da safe in an tarar da gawa, ba wanda ya ga komai. Kuɗi su ne rai a wannan wuri, wurin ɓoye su kuwa guda ɗaya ne: wani ɗan bututun ƙarfe mai murfi da suke kira plan, mutum ya naɗe takardun kuɗinsa a ciki ya tura cikin duburarsa, ya yi shekaru yana yawo da shi. An sha kashe mutum a farke cikinsa saboda wannan bututu.

Akwai kuma masu riƙe mabuɗi. Fursunoni ne su ma, hukuma ta ɗaga su ta sa su taya gandirobobi buɗewa da rufewa da bincike da kai rahoto, kuma da gangan ake yawan zaɓarsu cikin 'yan Arewacin Afirka, don a tabbata su da Turawan fursunoni ba za su taɓa haɗa baki ba. Dabarar ta ci. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: ƙiyayyar da ta kamata ta hau kan hukuma sai ta sauka kan ɗan uwan wahala mai mabuɗi a hannu. In aka yi wa mutuminmu tayin wannan aiki, me zai ce? Zai fita daga taɓo, zai ƙoshi, wataƙila ya rayu. Zai kuma kwana kullum da sanin cewa mutum sittin na jiran ranar da zai juya baya. Hatta hauni, mai sarrafa na'urar fille kai a farfajiyar San Loran, fursuna ne, sauran kuma a durƙushe ake sa su kallo.

Duniya ta fi sanin gidan gwale-gwalen Giyana da sunan Tsibirin Shaiɗan, alhali kuwa akasarin fursunoni ba su taɓa taka shi ba. Ɗan ƙaramin dutse ne cikin tsibirai uku da ke daura da garin Kuru, an ware shi don 'yan siyasa ƙalilan. Sunansa ya fita ne saboda Kyaftin Alfred Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa, wanda ya zauna can shi kaɗai daga 1895 zuwa 1899, an kewaye bukkarsa da shinge har teku ba ya gani. Shi yana da 'yan uwa da marubuta masu faɗa a ji, aka yi ta gwagwarmaya har aka wanke shi. Shehu Sise kuwa, sojan Afirka ta Yamma da ya yi wa Faransa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kotun soja ta yanke masa hukuncin kora a Dakar a 1918, aka kai shi Sabuwar Kaledoniya, daga baya aka mayar da shi Giyana, can ya rasu a 1933.

Tsibirin da fursunoni ke tsoro da gaske shi ne San Yusufu. Nan ake kai wanda ya yi yunƙurin gudu ko ya taɓa gandiroba. Ɗakuna ne ƙanana, samansu sandunan ƙarfe, mai gadi na tafiya a bisa yana leƙen kowa kamar dabba a rami. Magana haramun ce. Mutum na iya yin shekara biyu, har biyar, bai yi hira da kowa ba, da yawa hankalinsu ya gushe. Wanda ya mutu a tsibiran nan kuma ba a haƙa masa kabari, maƙabarta ta ma'aikata ce da iyalansu. Da magariba a sa gawar a kwale-kwale, a ɗan matsa daga gaɓa, a jefa wa manyan kifaye masu cin mutum. Ga Musulmin da ya tashi yana ganin ana wanke mamaci a yi masa sutura a sallace shi a kwantar da shi yana fuskantar alƙibla, ina jin wannan ya fi sasari nauyi a zuciya.

Gudu kuwa kowa na mafarkinsa. Daga San Loran ana hango garin Albina a ɗaya gaɓar, ƙasar Holan ce a lokacin, Surinam ta yau, sai dai hukumomin can kan mayar da wanda suka kama. Kurmi na cinye wanda bai san shi ba, ga masu farautar mutane da ake biya lada kan kowane kai. Hanyar da ta fi ita ce a tara kuɗi a sayi kwale-kwale a fita teku, a nufi Tirinidad ko Benezuwela ko Birazil. Wasu sun kai. René Belbenoît ya tsere a 1935 bayan yunƙuri da dama, ya isa Amurka, littafinsa ya fito a 1938. Na Henri Charrière, wato Papillon, da ya fito a 1969, shi ya fi suna, ko da yake masu bincike sun nuna cewa ya haɗa da labaran wasu ya mai da su nasa. Amma waɗannan su ne suka rayu har suka riƙe alƙalami. Mafi yawa teku ta ci su, ko an dawo da su an ƙara musu shekaru.

To, a ce mutuminmu bai gudu ba, bai mutu ba. Ya yi haƙuri, ya hau aji na biyu, ya hau na ɗaya, wataƙila har wani ma'aikaci ya ɗauke shi yaron gida. Shekara takwas ta cika. Aka kira lambarsa, aka karɓi riga mai ratsi, aka ba shi wasu tufafi da takarda, aka buɗe masa ƙofa.

A nan ne sashe na shida na dokar 1854 ke jiransa. Wanda aka yanke wa ƙasa da shekara takwas, dole bayan ya gama ya sake zama a Giyana daidai adadin shekarun da ya yi. Mai biyar ya ƙara biyar, mai bakwai ya ƙara bakwai. Faransawa na kiran wannan dublaj, wato ninki. Wanda kuwa aka yanke wa takwas ko fiye, zamansa a Giyana na har abada ne. Da alƙalin ya ce bakwai, da mutuminmu na da ranar komawa, ko da bayan shekara goma sha huɗu ne, in ya iya tara kuɗin jirgi da kansa, domin hukuma ba ta biya. Amma takwas ya ce. Shekara ɗaya tak a bakin alƙali ita ce tsakanin mutum da kabarin iyayensa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji Hausawa, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.

Ɗaurin talala ke nan, irin wanda ake yi wa akuya da doguwar igiya, sai dai ita akuya inda akwai ciyawa ake ɗaure ta. Jiya yana fursuna yana da kwano, komai ƙanƙantarsa, yana da rufi a kansa, in ya faɗi a kai shi asibiti. Yau ba ko ɗaya. Ya fita neman aiki, ya tarar ba mai ɗaukarsa, dalili kuwa a fili yake: hukumar gidan yari na ba 'yan kasuwa da ma'aikata hayar fursunoni a kan kuɗi kaɗan. Wa zai biya 'yantacce cikakken lada alhali ga mai riga mai ratsi kusan kyauta? Wato abokan zamansa na jiya su ne suka tare masa abinci yau, ba da son ransu ba. Da yawa kuma an hana su shiga Kayen, inda ɗan abin yi yake. Dole ya riƙa zuwa ana kiran suna a lokutan da aka sa, in ya ƙetare iyaka a kama shi a matsayin wanda ya tsere.

Sai ka gan su a titunan San Loran, ƙafa ba takalmi, suna kwana a ƙarƙashin rumfunan kasuwa. In jirgi ya zo su yi rububin dako. Wasu su shiga kurmi tatsar danƙon itacen balata, wasu su bi masu haƙar zinariya. Wasu kuma su yini suna bin malam-buɗe-littafi, wani iri mai shuɗin fiffike mai sheƙi da ake sayarwa Turai don ado. Ka dubi wannan hoto da kyau: ƙato mai furfura, wanda ya ja gungume shekara takwas, yana sanɗa cikin ciyawa da ɗan raga a hannu don ya sami na burodi. Abin da aka samu kuma sau da yawa a kan wata barasar rake mai arha da ake kira tafia yake ƙarewa, wadda ke sa mutum ya manta na dare ɗaya. Akwai waɗanda yunwa ta kai su ga yin sata da gangan don a mayar da su ciki su ci abinci.

Alkawarin gona da mata fa? An raba wa wasu filaye a kewayen San Loran da San Moris, suka noma rake, kaɗan daga cikinsu suka tsaya da ƙafafunsu, musamman waɗanda dama manoma ne. An kuma kawo mata fursunoni daga Faransa, aka ajiye su a hannun mata masu zaman zuhudu, ana haɗa su aure da masu gonaki bayan 'yar ganawa a gaban shaidu. Matan ba su da yawa, cuta ba ta bar su ba, 'ya'yan da aka haifa da yawa ba su rayu ba, a 1907 aka daina kawo su. Al'ummar da aka yi mafarkin kafawa ba ta kafu ba. Duk da haka a 1885 an ƙaro wata doka da ta ba da damar kwaso masu maimaita ƙananan laifuffuka, ɓarayin kaji da mabarata da marasa wurin kwana, a kai su sansanin San Jan su zauna har mutuwa, bayan sun riga sun gama zaman kurkukunsu a Faransa.

Rahotannin Albert Londres a jaridar Le Petit Parisien a 1923 sun girgiza Faransa, kuma abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne halin waɗannan 'yantattu. Aka yi 'yan gyare-gyare, aka hana kulle mutum a ɗakin duhu. A 1928 ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna Rundunar Ceto ta aika Charles Péan ya duba, daga 1933 kuma ta buɗe gidajen da 'yantacce zai sami abinci da wurin kwana da ɗan aikin da zai tara kuɗin jirgi. Wanda ya ja ragamar rufe wurin a siyasance shi ne Gaston Monnerville, haifaffen Kayen, jikan bayi, wakilin Giyana a majalisar dokoki, wanda ya gaji da ganin sunan ƙasarsa ya zama sunan kurkuku. Ranar 17 ga Yuni 1938 aka sa hannu kan dokar daina kai masu aikin gwale-gwale. Waɗanda ke can kuwa aka bar su can, Yaƙin Duniya na Biyu ya same su, jiragen abinci suka yanke, a ƙarƙashin gwamnatin Faransa ta lokacin, wato ta Vishi, mutuwa ta yi ta ɗibar mutanen San Jan fiye da kowane lokaci.

Cikin shekara ɗari, kimanin mutum 70,000 aka kai Giyana. Bayan yaƙin aka fara mayar da waɗanda suka rage rukuni-rukuni, Rundunar Ceto na rakiya, ayarin ƙarshe ya tashi a 1953. 'Yan Arewacin Afirka aka sauke su a nasu gaɓar, tsofaffi marasa haƙora, wasu sun shekara talatin ba su ji labarin gida ba. Wasu kuma da aka ce su hau jirgi suka ƙi. Iyaye sun rasu, matan sun yi wani aure, gonar da aka yi rigima a kanta tana hannun wani. Suka zauna a San Loran, ana ganinsu a bakin kogi da yamma, suna sayar wa baƙi ɓawon kwakwa da suka sassaƙa, har suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.